Tsadar mai kaɗai ba ta isa a kai gidan mai kotu ba

Alhaji, na karanta wasiƙarka. Ka ce gidan man da kekunanka ke shan mai a Agege ya ƙara kuɗin lita safe da yamma, kana so ka maka su a kotu su mayar maka da rarar. Ina ganin ka ɗauka akwai farashin gwamnati da suka ƙetare. Tun da dokar man fetur ta 2021 ta bar farashi a hannun kasuwa, aka kuma janye tallafi a watan Mayun 2023, da wuya wannan hujja ta tsaya.

Abin da ya rage maka shi ne sashe na 127 na dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wanda ya hana sayar da kaya a kan farashin da rashin adalcinsa ya fito fili. To, daga naira nawa ne ya fito fili? Dokar ba ta yanka adadi ba, ba ta kuma ce ribar kashi kaza ce iyaka ba. Lauyansu zai kawo rasit ɗin defo, da kuɗin tanka, da canjin dala, ya ce haka suka sayo. Ban ce ba za ka iya nasara ba. Amma nauyin kawo hujja a kanka yake, takardun kuma suna aljihunsu.

Maganar na iya sauyawa idan abin da aka caje ka ya fi wanda ke rubuce a allo, ko famfon yana cin awo, ko akwai shaidar gidajen man unguwar sun haɗa baki. Waɗannan ana iya nuna su. Manajan da ya ƙi ba direbobinka rasit kuwa, bai taimaki kansa ba.

Ka tattara rasit da hoton allon, ka rubuta ƙorafi ga FCCPC, hukumar gasa da kare masu saye ta tarayya, ko LASCOPA, hukumar kare masu saye ta jihar Legas. Batun famfo kuma ka kai wa NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan rarrabawa da sayar da man fetur. Ni dai a ganina, ka fara neman zama da mai gidan man, in ya ƙi ku je cibiyar sasanci ta jiha. Kuɗin lauya kaɗai na iya cinye rarar da kake bi tun ba a fara sauraron shari'ar ba.