Mai jan baya ko mai jan taya huɗu: wacce ta fi a filin tsere?

Malam, tambayarka ita ce wacce za ka shiga filin tsere da ita, mai jan tayoyin baya kawai ko mai jan huɗun duka. Idan koyo kake so, ɗauki mai jan baya.

Mai jan huɗu, irin Nissan GT-R, ƙarfinta na wajen fita daga kwana ne: ka taka totur da wuri, ta cafke kwalta ta wuce, balle ranar ruwa. Amma tana da ƙarin nauyi. A motocin Porsche 911, Carrera 4S mai jan huɗu ta fi Carrera S mai jan baya da kusan kilo 50. Kuma tayoyin gaba na aiki biyu, ja da juyawa, don haka suna saurin zafi. Sai ka murɗa sitiyari hancin motar ya ƙi shiga kwana, ya miƙe waje.

Mai jan baya ta fi rashin nauyi, ta fi jin sitiyari. Porsche 911 GT3 da motocin tseren Formula 1 duk haka suke. Sai dai ba ta yafe gaggawa: ka danna totur kafin ka fara miƙe sitiyari, bayanta ya zame.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton jan huɗu na ƙara birki. Ko kaɗan. Taya ce ke tsayar da mota. Kada kuma ka haɗa sabuwar taya da sudaddiya a mai jan huɗu, bambancin girmansu na cinye giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.

Auna iskar taya yayin da tayar take da zafi, don tana hawa bayan ’yan zagaye. Kafin ranar shiga filin, makanike ya zuba sabon man birki DOT 4 mai jure zafi, kuma zagayen farko ka yi shi da mai koyarwa a gefenka.