An Ɗaure Ƙanena Shekara 20 a Amurka Kan Mutuwar Abokinsa, Ko Akwai Sauran Dama?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ƙanena yana zaune a Amurka da takardar zama. Ya sayar wa wani abokinsa hiroyin, washegari aka tsinci gawar abokin a ɗaki. Likitan da ya duba gawar ya ce akwai ƙwayoyi iri huɗu a jininsa. Makon jiya kotun tarayya ta ɗaure ƙanen nawa shekara 20. Mahaifiyarmu ta kasa ci ta kasa barci. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba iyalan mamacin haƙuri, ku kuma ya kawo muku mafita.

Kafin komai, ki kira lauyansa yau. A kotun tarayya kwana 14 kacal ake da su don shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka rubuta hukuncin a kundin kotu. Alƙali na iya ƙara kwana 30 idan akwai ƙwaƙƙwaran uzuri, amma kada ku dogara da wannan. Ƙanenki ya umarci lauyan a rubuce, domin idan ya nema, dole ne a shigar. In babu kuɗi, kotu za ta ba shi lauya kyauta.

Shekara 20 ɗin nan ba son ran alƙali ba ne. Dokar miyagun ƙwayoyi ta tarayya ce ta ce idan mutuwa ta biyo bayan shan ƙwayar da mutum ya sayar, mafi ƙarancin hukunci ke nan, kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. To amma wace ƙwayar ce ta yi kisan? Nan ne maganar ƙwayoyi huɗun da kika ambata ta ja hankalina.

A shekarar 2010, a jihar Iowa, Marcus Burrage ya sayar wa Joshua Banka giram ɗaya na hiroyin. Banka ya rasu, aka samu wasu ƙwayoyin a jikinsa, har da oksikodon. Ƙwararru biyu sun shaida cewa hiroyin ta taimaka wajen mutuwar, amma babu wanda ya iya cewa da bai sha ta ba da ya rayu. Duk da haka aka ɗaure Burrage shekara 20, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Ranar 27 ga Janairun 2014 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, Mai Shari'a Scalia ne ya rubuta. Ta ce bai isa a nuna ƙwayar ta taimaka ba. Sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar, ba tare da kokwanto ba, cewa ba don ita ba da mutumin bai mutu ba. A ganina adalci ke nan. Wanda ya sayar da guba ya cancanci hukunci, amma ba a ɗora wa mutum alhakin rai bisa "wataƙila".

Sai dai akwai togaciya. Idan likita ya ce abin da ƙanenki ya sayar ya isa ya yi kisa shi kaɗai, hujjarku ta dogara da hukuncin Burrage ta raunana ƙwarai. Wannan yakan faru idan an gauraya hiroyin da fentanil, wata ƙwaya mai ƙarfin gaske. Saboda haka ku nemi rahoton binciken gawa, da sakamakon gwajin jini, da cikakken rubutun abin da likitan ya faɗa a kotu, kalma bayan kalma. A duba kuma bayanin da alƙali ya yi wa masu taya shi yanke hukunci: ya ce musu "ba don ita ba", ko kuwa "ta taimaka"?

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sauraron sababbin shaidu, abin da ke cikin kundin shari'ar kawai take dubawa. Idan lauyan farko bai kawo nasa ƙwararren ba, ko bai ƙalubalanci likitan gwamnati ba, wannan sai ta hanya ta biyu: ƙorafi ƙarƙashin sashe na 2255 na kundi na 28 na dokokin tarayya, cewa lauya ya gaza kare shi yadda ya kamata. Shekara ɗaya ake da ita bayan hukunci ya zama na ƙarshe, kuma galibi sau ɗaya ake yi. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Jones da Hendrix na 2023, ƙofar da fursunoni ke bi bayan wannan ta kusa rufewa gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, nasara a nan ba ta nufin a buɗe masa ƙofa ya dawo gida. A 2019 babbar kotun jihar Massachusetts ta wanke Jesse Carrillo, wanda wani ya mutu bayan shan hiroyin da ya samo masa, daga laifin kisa ba da niyya ba, amma ta bar masa laifin rarraba hiroyin. Haka zai iya faruwa ga ƙanenki: a cire mafi ƙarancin shekara 20 ɗin, a sake yanke masa hukunci kan sayarwar, wanda sau da yawa yakan ragu sosai. Kuma tunda ba ɗan ƙasa ba ne, laifin sayar da ƙwaya kusan tabbas zai sa a tasa ƙeyarsa bayan ya gama zaman kaso. Ku haɗa da lauyan shige da fice tun yanzu.

Ki kuma ja masa kunne: ana naɗar wayoyin gidan yari. Kada ya tattauna shari'ar da ke ko da Mama a waya, sai da lauyansa.