Digirin Tafiyar da Kaya Daga Tushe Zuwa Hannun Mai Saye: Me Ake Koya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wannan fanni zai amfane ka, tunda gidanku 'yan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas. Zai amfana, amma sai ka daure da lissafi.

Shekara 4 ne ta hanyar JAMB, kuma ana neman kiredit 5, har da Turanci da Lissafi. Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo tana da makarantar sufuri da jigilar kaya. Shekarar farko akan fara da darussa irin su tattalin arziki da akanta da ƙididdiga. Daga baya ake shiga sayo kaya, ajiya a sito da sufuri.

Ga irin lissafin. Kana sayar da katan 40 kullum, oda tana ɗaukar kwana 10 kafin ta iso, kana ajiye katan 100 saboda ko-ta-kwana. To da zarar kaya sun koma katan 500, sai a sake oda. Inda ake faɗuwa shi ne a ƙidaya kwanakin jirgin ruwan da ke kawo kayan kawai, a manta da na kwastan da cunkoson tashar Apapa. Takarda ɗaya, kamar Form M da mai shigo da kaya daga waje yake cikewa ta banki, in ta saɓa da sauran takardun kayan, kwantena za ta zauna a tasha, kuɗin jinkiri yana hawa kullum.

Ka ƙware a manhajar lissafi ta Excel tun aji ɗaya, don da ita ake yawancin aikin. Lokacin hutu kuwa ka nemi aiki a wani sito a Ikeja ko wajen masu fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tin Can.