Na ce wa ɗalibaina kar su yarda da komai a intanet, yanzu ni ma sun daina yarda da ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce, bana aka ɗora min darasin kafafen watsa labarai, wai in koya wa yara gane labarin ƙarya da ɗan ɗaukar hoto da bidiyo. An tura mu bitar kwana ɗaya, abin da aka yi ta nanata mana shi ne mu gaya wa yara kar su yarda da duk abin da suka gani a waya. Haka na yi zango guda. Yanzu wallahi hankalina ya tashi, duk abin da na kawo aji sai su ce "Malama ai wannan ma haɗawa aka yi", har hoton da ke cikin littafin tarihi. Wani yaro ma cewa ya yi tunda kowa ƙarya yake yi, shi wanda ransa ya kwanta da shi zai bi. Na ɓata yaran nan ne? Kuma kayan aiki babu, wayata ce kawai.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ki ɓata su ba, abu ne mai gyaruwa. Amma gaskiya abin da aka ba ki a wajen bitar nan shi ya kai ki inda kike, kuma ba ke kaɗai ba ce, malamai da yawa da irin wannan kukan suke zuwa min.

Maganar nan ta "kar ku yarda da komai" ita ce ta fi ɓata min rai a wannan fannin, ana faɗarta kamar ita ce ilimin gaba ɗaya alhali ko rabinsa ba ta kai ba. Shakka ba ta buƙatar karatu, kowa zai iya taɓe baki ya ce ƙarya ne. Aikin yana wajen abin da za ka yi bayan ka yi shakkar, kuma nan ne masu bitar kwana ɗaya ba sa zuwa, su dai a cike fom, a ɗau hoto, a raba satifiket, a watse, a bar malami da yara sittin a gaba. Ki sake duba abin da ɗalibinki ya faɗa, yaron nan ya yi tunani mai kyau a kan mummunan darasi. Ɗan Adam ba zai iya rayuwa bai yarda da kowa ba, to idan kika ƙwace masa duk ma'auni ba ki ba shi wani ba, dole ya koma ga son ransa, ga wanda ya fi iya magana, ga wanda yake zagin waɗanda dama ba ya so. Kuma wannan shi ne burin mai yaɗa ƙarya, ba lallai sai ka yarda da tasa ba, ya ishe shi ka daina yarda da kowa, ranar da bidiyon gaskiya na ɓarnarsa ya fito sai ya ce haɗawa aka yi, jama'a su ce ai kuwa. Kin ga mun zauna a aji mun yi masa aikinsa kyauta kenan.

Sai kuma 'yar takardar nan ta "alamomin labarin ƙarya" da suke rabawa, wai a duba kuskuren rubutu, a duba ko shafin yana da kyau, a ƙirga yatsun mutumin da ke hoto. Dan Allah ki ajiye ta. Hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi da aka haɗa da Midjourney, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai haɗa hotuna, a Maris 2023 ya ruɗi mutane masu yawan gaske, kuma daga lokacin zuwa yau ƙirƙirarriyar basira ta yi nisa sosai, alamar da kika koyar bana baɗi ta daina aiki. Balle ma yawancin abin da ke yaudarar mutane ba haɗi ba ne, hoto ne na gaske, bidiyo ne na gaske, sai a ɗauko na wata ƙasa ko na shekara biyar baya a ɗora masa sabon labari. Ko shekara za ki yi kina kallon hoton nan ba za ki ga aibu ba, don aibun ba a jikinsa yake ba.

A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun tattara amsoshin ɗalibai 7,804, fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare suka ɗauki talla a matsayin labari duk da an rubuta a jiki cewa biya aka yi. Amma binciken da ya biyo baya a 2017 shi nake so ki riƙe. Sun zaunar da masana tarihi 10, ƙwararrun masu bin diddigin labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25, aka ba su shafuka su tantance. Ɗaliban da masana tarihi da dama sai suka tsaya a cikin shafin suna karantawa daga sama har ƙasa, kyan tambari da tsari ya ja su. Masu bin diddigi kuwa ba su daɗe ba suka fice, suka buɗe wasu shafukan suna tambayar su waye waɗannan, wa ke ba su kuɗi, me wasu suka ce a kansu, kuma su suka fi kowa saurin gano gaskiya. Abin koyarwar kenan, ka fita ka tambayo. Wa ya fara sa wannan, yaushe, wace kafa ce mai suna ta kawo shi. Hoto kuma a jefa shi Google Lens ko TinEye, wato manhajojin da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, a ga inda ya fara bayyana. Hoton littafin tarihin ma kar ki yi musu faɗa, ki ce to mu bincika, a nemo wanda ya ɗauka da shekarar da inda aka adana shi, yaran su ga da idonsu cewa bincike yana iya ƙarewa da "wannan gaskiya ne". Wannan ne ba su taɓa gani a ajinki ba, shi ya sa ki riƙa cakuɗa musu na gaskiya da na ƙarya, kar kullum amsar ta zama ƙarya.

Batun kayan aiki, wayarki ta isa. Wajajen 1920 wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar jarumi ɗaya wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa a akwati, ya sake haɗa ta da wata mace, masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba. Ki yi wannan da su. Yaro ɗaya ya tsaya ya kalli kyamara daƙiƙa biyar, a liƙa shi da kofin gasa, a liƙa shi da takardar jarrabawa mai jan biro, a nuna wa aji biyu daban a tambaye su me yake ji. Sannan ki sa su yi hira da wani malami na minti uku, rukuni biyu kowanne ya yanko daƙiƙa ashirin, ɗaya ya fito da shi yana yabon makaranta ɗaya yana kuka da ita, ba tare da an ƙara masa kalma ko ɗaya ba. Yaron da ya yanke da hannunsa ba zai sake ganin guntun bidiyo bai tambayi ina sauran ba. Ki dai nemi izinin duk wanda aka ɗauka, kuma kar a sa bidiyon yara a intanet sai iyaye sun amince.

Abin haushin shi ne ba sabon ilimi ba ne. Tun 1982 wakilan ƙasashe 19 suka fitar da sanarwar Grunwald a Jamus kan ilimin kafafen watsa labarai, UNESCO ta fitar da manhajar malamai a 2011 kuma kyauta ce a intanet, Finland ta saƙa shi cikin darussa daban-daban a manhajarta ta 2016, amma har yau ana turo wa malamai mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban allo ba su koya musu jimla ɗaya. Ku ji tsoron Allah, amanar yara ce wannan. Idan jarrabawa ta zo kuma Malama, ki roƙi shugaban makaranta kar a ce yara su haddace ma'anar labarin ƙarya, ki ba kowanne hoto ɗaya da minti goma sha biyar ya rubuto matakan da ya bi, makin ya tafi kan matakan ko da amsarsa ta ƙarshe ba ta yi daidai ba.