Ina so in bar WordPress in koma Hugo: me zan rasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafi nawa na kaina a WordPress, yau shekara bakwai ke nan, da rubuce-rubuce kusan 200, yawanci da Hausa. Kuɗin masaukin shafin a intanet da dala nake biya, kuma sau biyu ana yi mini kutse. Wani abokina ya ce in koma Hugo. Mene ne shi, kuma me zan rasa in na koma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka bai ba ka mummunar shawara ba, sai dai akwai abin da bai faɗa maka ba.

WordPress, wanda ya fito a 2003, kamar mai shayi yake aiki: duk wanda ya zo, sai an haɗa masa nasa a take. Mai karatu ya taɓa adireshinka, sabar (kwamfutar da shafin ke zaune a kanta) ta tayar da PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi, ta leƙa rumbun bayanai na MySQL, ta harhaɗa shafin, sannan ta miƙa. Hugo kuwa gidan burodi ne. Sau ɗaya yake gasa shafukan duka a kwamfutarka, su zama fayilolin HTML, sabar ba ta da aiki sai miƙawa. Steve Francia ne ya fara shi a 2013 da yaren Go, kuma rubutu 200 kafin ka ɗauke hannu daga madannai ya gama da su. Yana da 'yan'uwa, irin su Jekyll na 2008 da Eleventy da Astro, amma ga wanda ba ɗan manhaja ba ni Hugo nake zaɓa, domin fayil ɗaya ake saukewa, ba sai an girka tarkace ba.

Matsalolinka biyu duka za su kau. Babu ƙofar shiga ta mai gida, babu fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress) da ya tsufa, babu rumbun da za a fasa, don haka da wuya ɓarawo ya samu wurin sa hannu. Masauki kuma kyauta ne a GitHub Pages ko Netlify ko Cloudflare Pages. Abin da ya rage ka biya shi ne sunan shafin, shekara-shekara.

Kwashe kayan ba wuya. A cikin WordPress akwai wurin fitar da rubuce-rubuce duka a fayil ɗin XML guda, akwai kuma manhajoji na kyauta da ke mayar da shi Markdown, tsarin rubutu mai sauƙi da Hugo ke karantawa. Amma hotuna ba sa cikin fayil ɗin. Suna cikin wp-content/uploads, sai ka sauke su daban kafin ka rufe tsohon masauki.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne adireshi. Shekara bakwai mutane suna tura rubutunka a WhatsApp da Facebook, Google ma ya haddace inda kowanne yake. In adireshin ya canza ko da harafi ɗaya ne, mai karatu zai tarar da 404, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba. Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin tarko: haruffa masu lanƙwasa. Idan ƙ ta shiga adireshi, burauza na mayar da ita %C6%99, kuma ba lallai ne sabon tsarin ya gina sunan yadda tsohon ya gina ba. Na taɓa ƙaurar da wani shafi, komai ya yi kyau a ido, sai bayan mako guda muka gane duk rubutun da takensa ke da ƙ ko ɗ ya ɓace wa masu zuwa daga waje. Saboda haka, kafin ka taɓa komai, fitar da jerin tsofaffin adireshinka duka ka ajiye. A Hugo za ka iya rubuta wa kowane rubutu adireshinsa da hannu a saman fayil, ko ka sa tsohon a ƙarƙashin aliases, wato jerin tsofaffin adireshin da za su riƙa kai mai karatu ga sabon. A Netlify da Cloudflare kuma akwai fayil mai suna _redirects da ke juya mai karatu zuwa sabon wuri da lambar 301, wadda ke shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. Bayan ka gama, bi jerin ɗaya bayan ɗaya.

Sharhin masu karatu da akwatin bincike da fom ɗin aiko saƙo ba za su biyo ka ba. Bincike, manhajar Pagefind ta isa. Sharhi kuwa akwai giscus, amma sai mai asusun GitHub ke iya rubutu, wanda ina shakkar yawancin masu karatunka suna da shi.

Abin da zan tambaye ka shi ne: da me kake rubutu? In a waya kake wallafawa, kana kwance bayan isha'i, ka sani Hugo ba ya zuwa da wurin rubutu irin na WordPress. Fayil za ka buɗe, ka rubuta, ka tura ta Git, manhajar da ke adana fayiloli da kai su GitHub. Ana iya gyara fayil daga shafin GitHub a waya, sai dai da takura, musamman wajen sa hoto. Don haka kada ka rufe tsohon shafin tukuna. Ɗauki rubutu goma ka gwada a adireshin kyauta da masaukin zai ba ka, ka wallafa sababbi biyu ko uku a can. In wata guda ya wuce ba ka ji nauyin rubutu ya ƙaru ba, sai ka juya sunan shafin zuwa sabon masauki.