Shin Medicaid Yana Ɗaukar Nauyin Jinyar Fursunoni a Amurka?

Malam, ka tambaya ko Medicaid, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi, yana biyan kuɗin jinyar waɗanda ke gidan yari. A dunƙule, ba ya biya. Tun da aka kafa shirin a 1965, doka ta hana kashe kuɗin tarayya wajen jinyar wanda ke tsare, sai fa idan an kwantar da shi a asibitin da ke wajen gidan yari na awa 24 ko fiye. Hukumar gidan yarin ce ke da alhakin lafiyarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar sallama. Mai ciwon sukari ko taɓin hankali yakan fito da maganin 'yan kwanaki a hannu, inshorarsa kuwa an dakatar da ita, kuma kafin ya gama cike takardun dawo da ita maganin ya ƙare. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan jihar Washington ya nuna cewa a makonni biyun farko bayan sallama, haɗarin mutuwa ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, musamman saboda shan ƙwaya fiye da kima.

Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta buɗe ƙofar shirin ga talakawa baligai marasa 'ya'ya, rukunin da tsofaffin fursunoni da yawa ke ciki, amma ba dukan jihohi ne suka karɓi wannan faɗaɗawa ba. Gyaran da na fi ganin muhimmancinsa ya zo ne a Janairun 2023, lokacin da California ta zama jiha ta farko da aka amince wa Medicaid ya fara biyan wasu hidimomin lafiya tun kwana 90 kafin sallama, daga baya kuma wasu jihohin suka bi sahunta.