Wace giya ta dace da keken tseren lokaci a Kano?

Ɗan'uwa, ka tambayi kayan giyar da za ka ɗaura wa keken tseren lokaci (tseren da ake auna lokacin da mai keke ya ɗauka) tsakanin na kamfanin Shimano da na SRAM, da kuma ko giyar lantarki ta cancanci kuɗinta.

In da hali, ɗauki ta lantarki. A irin wannan keke kana kwance ne a kan sandunan gaba, kuma giyar da ake ja da wayar ƙarfe a bakin sandar kaɗai take canzawa. Da ka koma riƙon birki a shataletale, shi ke nan, babu canji. Giyoyin lantarki, wato Shimano Di2 da SRAM AXS, suna ba ka maɓalli a wuraren biyu. A cikin samfuran Shimano, Ultegra ta wadatar. Ƙarin kuɗin Dura-Ace, wadda ke sama da ita, sauƙin nauyi kawai yake saya, kuma Kano shimfiɗe take, ba tudun da zai nuna bambancin.

Saboda haka ma faranti ɗaya a gaba, mai haƙora 54, da farantan baya masu haƙora 11 zuwa 30, ya ishe ka a titin Zariya ko Eastern Bypass.

Ni Shimano zan zaɓa, don makanikanmu sun fi sanin hannunta. Amma ka sayi sarƙa biyu tun farko. Ƙurar hunturu tana cinye sarƙa da wuri, kuma ta keke mai giya 12 a baya wataƙila sai an yi odarta.